Yadda Ake Shirya Daren Hira Kan Itatuwa, Ruwa da Dajin Garinku

Ɗorayi, Giginyu da Kurna unguwanni ne a Kano. Magarya gari ne a jihar Damagaram, Kukawa ta Borno kuma daga kuka ta samo sunanta. Haka abin yake a ko'ina a ƙasar Hausa: gari ko unguwa na ɗauke da sunan itace, amma itacen ya yi ƙaranci ko ya ɓace gaba ɗaya. Yaro yana iya girma a unguwar da ake kira da sunan giginya bai taɓa cin muruci ba. Wanda ya san inda itacen ya tsaya, da shekarar da aka sare shi, da abin da ya faru da gonar bayan haka, tsoho ne ko tsohuwa, kuma ilimin a ka yake, ba a takarda ba. Daren hira shi ne hanya mafi arha ta fito da shi a gaban yara, kuma idan an tsara shi da kyau, washegari za a samu aikin da za a yi da hannu a gona.

Lokaci da wuri

A bari sai an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu. Da damina manomi ya gaji, ana idar da isha'i sai barci. Watan Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi dacewa, domin matasa ba su gama tafiya cin rani ba kuma sanyin hunturu bai tsananta ba. Idan aka jinkirta zuwa Janairu, tsofaffin da ake buƙata su ne farkon waɗanda sanyi zai tsare a ɗaka. A duba wata kuma. Daga daren 10 zuwa 15 ga watan Musulunci, farin wata yana sama tun kafin isha'i. Bayan 16 ga wata fitowarsa kan yi jinkiri da kusan minti 50 kowane dare, don haka wanda ya sa taro ran 20 zai yi shi a cikin duhu. A kauce wa daren kasuwa, da ranar biki ko zaman makoki, da watan azumi saboda asham.

Wurin zama ya kasance gindin itacen da kowa ya sani, ko dandali, ko ƙofar gidan mai unguwa. Itacen da kansa kan buɗe baki: da an zauna a ƙarƙashin tsohuwar tsamiya wani zai ce a nan ake sauke fatake a da. A share wurin da rana, a duba ramuka da tarin ganye saboda kunama da maciji. Idan za a hura wuta, a yi da karan dawa ko busassun rassa. Abin kunya ne a taru don maganar itatuwa a kan wutar ɗanyen icen da aka saro da yamma.

Kafin komai a je wa mai unguwa ko dagaci, sannan liman. A faɗa musu abin da za a yi a fili: hira ce kan yadda daji da ruwan garin suke a da, ba siyasa, ba rabon kaya. Wannan magana ta ƙarshe tana da muhimmanci. Idan mutane suka ɗauka wata ƙungiya ce ta zo da tallafi, kowa zai ba da labarin da yake ganin zai jawo masa rabo, sai wahala ta ninku a baki, gaskiya ta ragu.

Su wa za a gayyata

Mutum 25 zuwa 40 sun isa. Fiye da haka sai an nemo lasifika, da an kawo lasifika kuwa hira ta zama taro, tsoho ya fara jawabi maimakon labari. A cikinsu a tabbatar da masu ba da labari biyar ko shida, kowanne da fanninsa: manomi, makiyayi, maharbi, masunci idan akwai ruwa kusa, masassaƙi ko maƙeri, da mai maganin gargajiya. Kowace sana'a da itacenta. Masassaƙi ya san inda ƙirya ta ƙare domin da ita yake turmi, maƙeri ma gawayinta yake nema. Majemi ya san bagaruwa, mai sassaƙa allo ya san aduwa, mai saƙar tabarma ya san kabar goriba. A je wa kowannensu gida kwana uku kafin ranar, da goro a hannu, a gaya masa abin da ake so ya yi magana a kai don ya kwana yana tunani.

Zaman mata a yi shi daban, a cikin gida, mace ce kuma za ta jagorance shi. Wannan ba ƙarin ado ba ne. Tatsuniya tun asali a hannun tsofaffin mata take, kuma su ne suka san nisan itacen girki, da lokacin da ɗorawa ke nuna, da yadda kalwa ta yi tsada har daddawar waken suya ta maye gurbinta a gidaje da yawa, da inda ake tsinto ƙwaran kaɗanya. A zaman da aka haɗa maza da mata, dattawa maza ne za su cinye daren, matan su koma masu sauraro.

Ana buƙatar mutum uku masu aiki. Mai jan hira, wanda zai fi kyau ya zama ɗan gari mai shekaru matsakaita, da tsofaffi ke sakewa da shi yara kuma ke jin maganarsa. Mai ɗaukar murya. Sai marubuci, wanda aikinsa kawai ya rubuta sunayen itatuwa, tsuntsaye, wurare da shekaru yayin da ake faɗarsu. Kayan aiki kaɗan ne: tabarmi shida zuwa takwas, kujeru biyu ko uku don masu ciwon gwiwa, fitila mai caji ɗaya a gefen marubuci, ruwan sha, goro, da gyaɗa ko rake na yara.

Yadda daren zai gudana

Awa ɗaya da rabi ta wadatar. A fara da yara, da kacici-kacici na minti goma. Ƙulin ƙulifita? Gauta. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya? Tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya ba da gari. Wannan yana warware harshe, yana kuma sa yaran su zauna a gaba maimakon su yi ta guje-guje a baya. Daga nan tatsuniya biyu, wadda dabbobin dawa ke ciki: Gizo da Ƙoƙi, kura, dila malamin daji, zaki manyan dawa. A bar mai tatsuniya ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", a amsa mata "ta zo mu ji ta", ta rera waƙar da ke ciki, ta rufe da ƙurunƙus. Kada kowa ya tsayar da ita don ya fitar da darasi. Darasin da aka liƙa wa tatsuniya da ƙarfi yana kashe ta.

Bayan ƙurunƙus ne mai jan hira zai yi tambayar da ke juya daren: "Baba, ita kurar nan da muke ji a tatsuniya, ka taɓa jin kukanta a garin nan?" Nan aka tsallaka daga tatsuniya zuwa labari, kuma wajibi ne a sanar da yara an tsallaka. Bahaushe ya riga ya raba su, shi ya sa ake rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Abin da zai biyo baya shaida ce ta wanda ya gani da idonsa, marubuci kuma ya ja layi a littafinsa tsakanin biyun.

A nan ne yawancin irin wannan zama ke lalacewa, saboda tambaya mai faɗi. Idan aka ce "yaya duniya take a da?" amsar ɗaya ce ko'ina: da akwai albarka, yanzu babu. Ba a koyi komai ba. A tambayi abin da ke da ma'auni:

"Iya, da aka kawo ki garin nan amarya, idan kin fita itace bayan asuba, yaushe kike dawowa? Yanzu jikokinki fa?"

"Baba, rijiyar bakin kasuwa gaba nawa guga ke shiga kafin ya taɓa ruwa lokacin kuna samari?"

"Malam, gonar nan ta gado dami nawa take ba mahaifinku, kuma gawo nawa ne a cikinta a lokacin?"

"Ardo, daga ina burtali ya taso, ta ina ya bi, a wace mashaya ya ƙare?"

Gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa mita biyu, don haka amsar rijiya tana komawa lissafi da za a iya gwadawa da igiya gobe da safe. Dami ya bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka a tambayi tiya nawa damin garin ke bayarwa idan an sussuka.

Shekaru kuma ba a tambayarsu da lamba. Tsofaffi da aukuwa suke ƙirga zamani, yunwa ma suna gare ta. Kakalaba ita ce ta 1913 zuwa 1914, 'Yar Gusau ta 1942, Muɗa ta wajen 1954, sai farin 1973 da 1974, sai ta 1984 da mutanen Nijar ke kira El-Buhari. Sunayen kan sauya daga yanki zuwa yanki, don haka a fara tambayar sunan da garin ke amfani da shi. A haɗa da abubuwan da kowa ke tunawa: samun 'yancin kai a 1960, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, hawan Seyni Kountché mulkin Nijar a 1974, rasuwar sarki ko naɗin hakimi. Marubuci ya shirya wannan jeri a shafin farko. Idan tsoho ya ce tafkin ya daina kai wa bazara bayan canjin kuɗi amma kafin El-Buhari, an samu tazarar shekara goma sha ɗaya, wadda ta isa aiki. A yankin fadamar Haɗeja da Nguru akwai ƙarin alamomi biyu: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda suka sauya yadda ambaliya ke zuwa. Masunta da manoman shinkafa na can za su iya faɗin lokacin da ciyawar kacalla ta fara toshe hanyoyin ruwa, da tsuntsayen jan baki da ke samun mafaka a cikinta.

A ware minti goma sha biyar don alamomin yanayi, domin yara sun fi son wannan sashe. Wane tsuntsu ne ke zuwa gab da damina? Za a ce shamuwa. A tambaya a kan wane itace ko wane gida take sheƙa a da, kuma bana ta zo ko ba ta zo ba. A tambayi abin da ake karantawa daga taurarin kaza da 'ya'yanta, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da tohon itatuwa a bazara kafin ruwa ya sauka. Sai a kawo gawo, wanda shi kaɗai ya isa hirar dare guda. Yana zubar da ganye da damina lokacin da kowane itace ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe. Saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi na taruwa a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Irinsa ma ya fi tsirowa bayan ya bi ta cikin akuya ko saniya, domin ɓawonsa tauri gare shi. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili, amma a bar shi ya faɗa da bakinsa, ya nuna tsawon zangarniyar da hannu. A Damagaram har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya hana sare gawo tare da hukunci mai tsanani.

Kafin a tashi a zana taswira a ƙasa. A share fili kamar taku huɗu a kowane gefe, a ja hanyoyi da rafi da toka, a sa duwatsu a madadin rijiyoyi da tafkuna, ganye a madadin itatuwan da ke tsaye, busassun tsinke a madadin waɗanda suka tafi. Tsofaffi su nuna, yara su ajiye. Za a yi gardama kan inda wata kuka ta tsaya, kuma gardamar alheri ce, domin a cikinta sunayen wurare da aka manta ke fitowa. A ɗauki hoton taswirar da safe kafin awaki su bi ta kai.

Ɗaukar murya da abin da ke ɓata ta

Wayar hannu ta isa. A cika mata caji, a kashe layin kira don kada wani ya bugo ya katse ɗauka, a tabbatar akwai sarari: murya kan ci kamar megabayit ɗaya a minti, wato kusan 100 a daren. A ajiye wayar a kan ƙaramar kujera ko kifaffen kwano da aka shimfiɗa wa tsumma, nisan kamu ɗaya daga bakin mai magana. Idan aka riƙe ta a hannu, motsin yatsu zai shiga. Iskar hunturu ita ce babbar matsala. A sa wa wayar safa mai tsabta, mai magana kuma ya juya wa iska baya. A gwada rabin minti a saurara kafin a fara. Kowane mai magana a buɗe masa ɗauka ta daban, a fara da faɗin gari, rana da sana'arsa, domin murya guda mai awa ɗaya da rabi ba wanda zai koma ya saurare ta. A kwafe komai wuri biyu tun washegari, ɗaya a katin ajiya da za a bar wa makaranta ko mai unguwa. Wanda zai rubuta abin da aka faɗa ya sani awa ɗaya ta magana tana cin awa huɗu zuwa shida na rubutu, kuma ya rubuta da karin harshen mai maganar. Idan Bagobiri ya faɗi sunan itace yadda ake faɗa a Gobir, kada a mayar masa da shi Kananci.

A nemi izini a fili kafin a danna, a kuma faɗi inda muryar za ta je. Matar da ta yarda a ɗauke ta don jikokinta ba ta yarda a sa ta a Facebook ba. Mai magani yana iya faɗin sunan itace ya ƙi faɗin haɗin, wannan haƙƙinsa ne, kada a matsa. Idan maharbi ya ambaci inda ragowar barewa ko gada ke kwana, a cire wurin daga abin da za a yaɗa.

Abubuwa uku kan tayar da ƙura. Na farko maganar burtali da gonaki, wadda cikin minti biyu take komawa shari'a. Mai jan hira ya kafa sharaɗi tun farko: ana faɗin wuri da zamani, ba a kama sunan wanda ya ci iyaka. Na biyu maganar iskoki a tsamiya ko kuka. Wani zai ce tsoronsu ne ya hana a sare itacen, wani ya ce camfi ne. A rubuta cewa haka mutanen da suke faɗa, a wuce. Idan liman yana wurin yakan kawo hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, kowa kuma ya samu wurin tsayawa. Na uku baƙo mai ilimin boko da zai karɓe zance ya yi lacca kan sauyin yanayi. A ba shi minti biyar a ƙarshe, ya amsa tambaya kawai. Sai kuma dattijo ɗaya da ba ya sakin magana. Ba a katse babba, amma ana iya cewa, "Allah ya ƙara girma, Baba, wannan batu na rijiya bari mu ji ko Malam ya riske shi."

Washegari a gona

Hirar da ta tsaya a baki takan bar mutane da baƙin cikin abin da ya wuce kawai. Don haka da hantsi a ɗauki biyu daga cikin tsofaffin da yara goma zuwa goma sha biyar, a bi taswirar da ƙafa, awa ɗaya. A auna rijiya da igiya. A tsaya duk inda aka sa tsinke jiya a duba ƙasa da kyau, domin sau da yawa itacen bai mutu ba. Kututturensa na nan da saiwa mai rai, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone. Sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa da gawo duk suna yin haka.

A kan wannan ne manoman Maraɗi suka gina abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da su a 1983. Daga baya an ƙiyasta cewa fili mai kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ya farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Aikin kansa ba wuya. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a cire musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce rabi, in ba haka ba iska ta karya su ko awaki su tanƙwaro su. A yi da adda ko lauje mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya gangaro ƙasa yana tsage ɓawo, cuta da gara su samu ƙofa. A ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don mai neman itace ya san da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo a cire sabon tohon da ya fito a gindi. Kowace shekara ana iya yanke reshe ɗaya don girki ko shinge, a bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne sata da dare da kuma rashin sanin wanda ya mallaki itacen. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agye a jihar Maraɗi, kwamitin gari ne ya tsare shi, da mata da makiyaya a ciki. Saboda haka kafin a ɗaura ƙyalle na farko, mai gona, mai unguwa da ardo su amince a gaban mutane kan wanda ke da ikon sara, da wanda ke da ikon kakkaɓe 'ya'ya ga dabbobi, da tarar wanda ya karya doka. Kowane yaro a ba shi kututture biyu da sunansa a littafin marubuci, tare da sunan itacen da tsawon reshe mafi tsayi a ma'aunin kamu. A sa zama na biyu a farin watan da ke biye, a buɗe shi da kunna muryar tsohuwar da ta yi tatsuniya, sannan yaran su kawo sabon awon rassansu a rubuta kusa da na farko.